Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki ga Mai Neman Malam-buɗe-littafi

Yawancin 'yan uwanmu da ke tasowa daga Agege ko Obalende zuwa wannan cibiya da ke Legas, wadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990, gadar sama mai tsawon mita 401 da birai ne ke jan su. A ganina, hanyar katako da ta ratsa dausayi ta fi amfani ga mai son kallon malam-buɗe-littafi, domin can ne ake iya tsayawa a nutse.

Da hantsi ya kamata a je, lokacin da waɗannan ƙwari suke baza fikafikai suna shan rana kafin jikinsu ya yi ɗumin tashi. Wasu na tsotsar zaƙin fure da siririn bakinsu mai naɗewa, amma dangin Charaxes na dazuzzukan Afirka sun fi son ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da ruwan jikin bishiya, yayin da mazan wasu nau'o'in kan taru a kan laka suna zuƙar gishiri. Idan hadari ya haɗo, sai su maƙale ƙarƙashin ganye, fikafikai a rufe, ganinsu ya yi wuya. Ranakun aiki sun fi dacewa, saboda hayaniyar Asabar tana korar su daga bakin hanya.