Lone Star: fim ɗin kisan kai da ba ya gaggawa

Wanda ya saba da finafinan bincike na tseren mota da harbe-harbe zai iya ƙosawa da Lone Star tun a farkonsa. Ni kam jan ƙafar nan tasa ce ta sa na ƙaunace shi. John Sayles, ɗaya daga cikin masu shirya fim masu zaman kansu a Amurka, shi ya rubuta labarin, ya ba da umarni, ya kuma tace shi da kansa. Ya fito a 1996, tsawonsa minti 135.

Labarin yana faruwa ne a Frontera, wani ƙagaggen gari a Teksas, a bakin iyaka da Meziko. Wasu sojoji biyu sun ci karo da kwarangwal a tsohon filin koyon harbi, ga zobe da bajon ɗan sanda a kusa da shi. Shugaban 'yan sandan yankin, Sam Deeds, wanda Chris Cooper ya fito a matsayinsa, ya gano gawar ta Charlie Wade ce, azzalumin da ya riƙe wannan kujera ya ɓace a 1957. Abin da ya dagula lamarin shi ne mutumin da zato ya fi faɗawa a kansa: Buddy Deeds, mahaifin Sam, wanda ya gaji Wade. Buddy ya rasu, amma garin na ganin girmansa har ana shirin sa wa ginin kotu sunansa.

Sam ba ya bin kowa da gudu. Zama yake yi da tsofaffi yana tambaya, su ba shi rabin labari su haɗiye rabi. Duk wanda ya taɓa neman asalin wata tsohuwar rigimar gona a wurin dattawan gari ya san irin wannan zama: ba ƙarya suke yi maka ba, kowa dai yana kare wani. A haka ne garin yake buɗewa a gaban mai kallo, fararen fata da mulki yake hannunsu da daɗewa, 'yan asalin Meziko da suka fi kowa yawa, da baƙaƙen fata da kusan ba su da wurin taruwa sai mashayar Otis Payne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Sayles yake komawa baya. Ba ya yanke hoto, ba ya sauya launi. Magajin garin, wani dattijo, yana zaune a gidan abinci yana ba da labari, sai kyamara ta sauka a hankali kan kwandon gurasar masara da ke kan tebur, sai ga hannu yana zaro kuɗin cin hanci daga ciki. Mun koma 1957 ke nan, a ɗakin nan dai, ga Wade zaune. Kris Kristofferson ya taka rawar Wade da wani irin murmushi da ke sa gaba ya faɗi. Da wannan dabara mai kallo yake jin cewa abin da ya faru kusan shekara 40 baya bai bar ɗakin ba, kuma babu wanda ya tsaya yi masa wa'azi a kai.

Akwai wani taron iyaye da malamai da ake cacar baki kan yadda za a koyar da tarihin Teksas, yankin da ya ɓalle daga Meziko a 1836 ya shiga Amurka a 1845. Wasu na ganin jarumta, wasu na ganin ƙwacen ƙasa. Malamar da ke tsakiyar rigimar, Pilar, ita ce masoyiyar Sam ta ƙuruciya da aka raba su da ƙarfi. Elizabeth Peña ta taka rawar Pilar cikin natsuwa, ba ta ɗaga murya amma ciwon yana fuskarta. Mahaifiyarta Mercedes, mai gidan abinci, tana kira wa masu tsallako kogi jami'an iyaka, kuma fim ɗin bai yi saurin yanke mata hukunci ba sai da ya nuna mana daga ina ta fito.

Inda na ga ya ɗan yi yawa shi ne ɓangaren barikin soja. Labarin Kanar Payne da mahaifinsa Otis yana da nauyi, ga kuma tarihin baƙaƙen Seminole, wato baƙaƙen fata da suka guje wa bauta suka zauna tare da ƙabilar Seminole ta 'yan asalin Amurka, da aka saƙa a ciki, amma wasu ƙananan labaran sojojin sun janye hankalina daga inda zuciyata take. Matthew McConaughey kuwa, a matsayin Buddy, fitowarsa kaɗan ce.

An zaɓi rubutun fim ɗin cikin masu takarar lambar yabo ta Oscar, kuma ya cancanta. Ba zan faɗi wanda ya yi kisan ba. Akwai wani sirri kuma bayan wannan, wanda ya fi shi girgiza ni, kuma na san zai yi wa mutane da yawa nauyi. Ba fim ɗin kallo da yara ba ne. A same shi mai fassara a ƙasa, domin ana cakuɗa Turanci da Sifaniyanci, a kuma ajiye waya, don sunan da aka ambata sau ɗaya a farko shi ake buƙata a ƙarshe.