Cerelac ko kunun gida: wanne ya fi wa jariri ɗan wata shida?

Da zarar jariri ya cika wata shida, nonon uwa shi kaɗai ba ya isar sa. Abu biyu ne ke fara gazawa: ƙarfin abincin da zai girma da shi, da sinadarin ƙarfe mai gina jini, domin ajiyar da aka haife shi da ita takan yi ƙasa a daidai wannan lokaci, nono kuwa ɗan kaɗan yake ɗauke da shi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata shida, daga nan a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Ƙarin da ake nema daga abinci kusan kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 200 ne a rana daga wata 6 zuwa 8, ya koma 300 daga wata 9 zuwa 11, sannan 550 a shekara ta biyu. Da wannan za a auna garin gwangwani irin su Cerelac da Nutrend na kamfanin Nestlé, da shi kuma za a auna kunun da ake damawa a gida.

A ba gwangwani haƙƙinsa tukuna. Garin dafaffe ne tun daga masana'anta, ruwa kawai yake nema, wanda aka tafasa aka bari ya koma ɗumi-ɗumi. An zuba masa sinadarin ƙarfe da bitamin a ƙididdige, kuma a nan ne ya sha gaban kowane kunun hatsi, domin gero da dawa da masara suna da wani sinadari da ke riƙe ƙarfen, ya hana hanji tsotse shi sosai. Laushinsa ɗaya ne kullum, babu tsakuwa, babu dusa. Ga matar da ke fita aiki ta bar yaro a hannun mai raino, ko wadda ke kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, wannan sauƙi ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a karanta jikin gwangwanin kafin a biya. Akwai mai madara a ciki, wanda ake damawa da ruwa, akwai kuma garin jarirai marar madara, wanda idan aka dama shi da ruwa zalla an rage masa amfani. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Wanda ya lotsa ko ya yi tsatsa a bar wa mai kanti kayansa.

Aibinsa na farko sukari ne. A watan Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan, tare da IBFAN mai fafutuka kan abincin jarirai, ta fitar da sakamakon gwajin Cerelac da ake sayarwa a ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka. Ta samu kusan gram huɗu na sukarin da aka ƙara a kowace ciyarwa, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da adadin ya fi yawa. Na alkama da ake sayarwa a Jamus da Ingila kuwa ba a ƙara masa sukari ba. Kamfanin ya ce yana bin dokokin kowace ƙasa. To, doka daban, amfanin yaro daban. Jaririn da ya fara sanin abinci da zaƙi shi ne wanda gobe zai tofar da faten wake da miyar kuka, uwa ta ce ba ya cin komai sai Cerelac. Harshensa ne aka saba wa, ba cikinsa ne ya ƙi ba.

Aibi na biyu ya fi na farko illa, kuma daga aljihu yake tasowa. Gwangwanin gram 400, idan ana dama gram 50 a kowace ciyarwa, ciyarwa takwas ne kacal. Yaron da ke ci sau biyu a rana zai gama da shi cikin kwana huɗu. Gidajen da ba za su iya sayen gwangwani bakwai zuwa takwas a wata ba sukan koma yi masa tsimi: cokali ɗaya a kofin ruwa, a zuba a fida, a faɗaɗa hujin robar da allura. Ciki ya cika da ruwa mai zaƙi, ƙarfen da aka biya kuɗi saboda shi bai shiga ba sai ɗan kaɗan, ga fida da wuyar wankewa, daga nan sai gudawa. Wanda ba zai iya dama shi a ma'aunin da aka rubuta ba, kuɗinsa ya fi amfani a wurin mai ƙwai.

Akwai kayan da ke raɓuwa da garin jarirai a kanta alhali ba shi ba ne. Kastad sitacin masara ne da launi da ƙamshi, furotin ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Golden Morn na 'yan gida ne, ba don jarirai aka yi shi ba. 'Yar ledar nan ta markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ake ba masu tamowa a asibiti, wadda ake gani a kasuwa ta ɓarauniyar hanya, magani ce ta yaron da aka auna aka tabbatar yana da tamowa mai tsanani. Su kuma 'yan kwalabe da ledojin markaɗaɗɗun 'ya'yan itace da ake shigowa da su, irin na Gerber da Heinz, tsada ce kawai a ƙasar da ayaba da gwanda da mangwaro ke ƙofar gida. Da an buɗe su sai firji, wutar kuwa kowa ya san halinta.

Kunun gida ma ba a yabe shi haka kawai ba. Kokon da aka saba ba jarirai, na gasarar da aka tace aka zubar da dusa, aka tsinka shi har yana bin cokali kamar ruwa, yana cikin abubuwan da ke kai yara ga rama. Ƙarfinsa bai kai na nonon uwa ba, wanda ke da kusan kalori 65 zuwa 70 a mililita ɗari. Cikin ɗan wata bakwai kuwa bai fi ɗaukar kofi ɗaya ba a zama guda, wajen mililita 200 zuwa 250. Duk kofin tsinkakken koko da ya sha ya tare wurin nonon da ya fi shi amfani. Gwajin kauri mai sauƙi ne: a ɗebo a cokali a karkata. Idan ya zube nan take, ya yi ruwa. Idan ya tsaya yana gangarowa a hankali, ya yi daidai.

Haɗin da ke gogayya da gwangwani shi ne garin da aka fi sani da Tom Brown. Ma'aunin da aka fi koyarwa a arewacin Nijeriya shi ne awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Da gwangwanin madara ake awon ko da kwano, duk ɗaya ne, muddin abin awon bai canja ba. A Nijar garin Misola, wanda ya samo asali daga Burkina Faso, kan wannan tsari yake tafiya na gero da waken suya da gyaɗa. Hikimar ita ce hatsi na da giɓi a furotin ɗinsa wanda wake ke cikewa, gyaɗa kuma ta kawo mai.

Wahalar aikin a waken suya take. Ɗanyensa na ɗauke da sinadarin da ke hana narkewar furotin, shi ya sa garin da aka yi da waken da bai gasu ba yake kumbura wa yaro ciki, yana kuma da gafi. A tsince shi, a jiƙa ya kwana, a murje ɓawon a tsiyaye, a tafasa kamar minti ashirin zuwa talatin, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a soya shi ba mai a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi ruwan ƙasa mai haske. Idan ya yi baƙi an ƙona furotin, garin kuma zai yi ɗaci. Geron a rege shi saboda tsakuwa, a wanke, a shanya, a ɗan soya sama-sama. Gyaɗa ita ke son ido. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, a zubar da ita, kar a ce za a ba kaji. Fumfunar gyaɗa da masara na haifar da gubar afalatokzin mai lalata hanta, kuma suya ko tafasa ba sa kashe ta. Bayan suya a murje jan ɓawon a fece.

Wurin niƙa akwai tarko. Injin da ya gama niƙa barkono ko kayan yaji zai bar wa garin saura, don haka a fara wuce da ɗan hatsi daban ya share injin, a ajiye wancan don tuwo. A tankaɗe da rariya mai laushi, a baza garin ya huce kafin a rufe, domin garin da aka rufe da zafinsa yakan yi gumi ya yi fumfuna. Saboda man gyaɗar da ke ciki, kar a yi na fiye da mako biyu zuwa uku a lokaci guda, musamman da damina. Warin tsohon mai na nufin ya lalace.

Wurin damawa, babban cokali uku na gari a kwaɓa da ɗan ruwan sanyi, a juye a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa a kan wuta minti biyar zuwa goma. Wannan garin ba irin na gwangwani ba ne, dole ya dahu a tukunya. A sauke, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa, wanda shi kaɗai ya kai kalori arba'in, manja kuma ya zo da bitamin A. Idan kaurin ya fi ƙarfin ɗan wata shida, ba ruwa za a ƙara ba. Garin tsiron gero ne maganinsa: a jiƙa gero, a lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle kwana biyu ya tsira, a shanya, a murje tsiron da saiwar a zubar, a niƙa ƙwayar. Ƙaramin cokali ɗaya a kunu mai kauri da ya ɗan huce zai sassauta shi cikin 'yan mintuna ba tare da an rage masa ƙarfi ba, sai a mayar wuta ya sake tafasa. Zubar da tsiron wajibi ne, balle in dawa aka yi amfani da ita, domin tsironta na da guba.

Duk da haka Tom Brown bai kai gwangwani a sinadarin ƙarfe ba, kuma masu tallata shi ba su cika faɗin wannan ba. Abin da ke cike giɓin daga dabba yake fitowa: dafaffen ƙwai da ya dahu har ƙwaiduwa a murje a kunu, garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya aka tankaɗe, nama da aka dafa lugub aka daka, da ɗan yankin hanta sau ɗaya a mako, ba kullum ba saboda yawan bitamin A ɗinta. Ruwan lemon zaƙi ko gwanda tare da abincin na taimaka wa jiki tsotse ƙarfen, shayi kuma hana shi yake yi. Inda asibitin sha-ka-tafi ke raba 'yan ledojin garin sinadarai (ƙarfe da bitamin) na gram ɗaya, a karɓa. Ana barbaɗa leda ɗaya a ɗan abincin da yaro zai iya cinyewa, bayan ya huce, a ba shi cikin rabin awa. Da wannan leda kunun gida ya kamo gwangwani a wurin da ya fi shi.

Kayan miya na gida su ne abin da babu gwangwanin da zai kawo. Kabewa, dankalin Hausa, alayyahu, zogale, faten wake da aka cire wa ɓawo, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko kuka. A ɗebi rabon yaro kafin a sa gishiri da dunƙule da yaji. Zuma a jira sai ya shekara, saboda ƙwayar cutar da ke iya shanye jijiyoyin jariri. Gyaɗa guda-guda tana shaƙe ƙananan yara, sai niƙaƙƙiya. Sabon abu kamar ƙwai ko gyaɗa a fara da kaɗan da rana, idan aka ga ƙuraje sun feso ko leɓe ya kumbura a dakata, in numfashi ya canja kuma a garzaya asibiti.

Inda kunun gida ya fi faɗuwa shi ne ajiya. A dama da asuba a zuba a filas, a yi ta tsiyaya har la'asar, lokacin ya koma ɗumi-ɗumi, yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Dafaffen abincin jariri kar ya wuce awa biyu a ajiye, sauran da cokali ya shiga baki ya dawo kuma ba a ajiye shi. Wannan doka ta hau kan Cerelac ma. Ɗura kuwa, a danne yaro a toshe masa hanci a zuba, tana iya tura kunu cikin huhu. Kofi da cokali da haƙuri sun isa.

Hukuncin dai shi ne garin gida mai kauri, da mai, da ƙwai ko kifi a kai a kai, ya fi cancanta ya zama abincin yau da kullum, ya kuma fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Gwangwani na da wurinsa a tafiya, ko ranar da aiki ya yi yawa, ko sau ɗaya a rana a gidan da nama da ƙwai ke wuya kuma ba a samun garin sinadarai, da sharaɗin a dama shi yadda aka rubuta, kar a ƙara sukari. Ko wanne aka zaɓa, a fara da babban cokali biyu zuwa uku sau biyu a rana, a kai rabin kofi sau uku zuwa huɗu a wata tara, kusan kofi guda bayan shekara. A riƙa kai yaro awo duk wata. Idan nauyinsa ya tsaya wata biyu a jere, ko tef ɗin awon damtse ya sauka ƙasa da santimita 12.5, ma'aikacin lafiya ya kamata ya duba shi kafin a canja gari.