Agogon tebur mai wani: ƙararrawarsa ba ta jiran wuta

A rubuce, wani na agogo da wani na "wani mutum" duk ɗaya ne, a baki ake rarrabe su: na agogo ana jan "wa" ɗinsa. Aro ne daga Turanci, ma'anarsa murɗa sifirin har ya ɗaure. Masu injin niƙa ma haka suke cewa, a ba inji wani da hannun ƙarfe kafin ya tashi.

Agogon da ake magana shi ne mai ƙararrawa biyu a ka, ƙirar Sin, wanda ake samu wurin masu agogo a kasuwar Sabon Gari. A bayansa akwai kunnuwa biyu, na lokaci da na ƙararrawa, kowanne da sifirinsa. Cikakken wani yana kai shi awa 30 ko kusa da haka, saboda haka kullum ake ba shi, gara bayan isha'i. Da ka ji kunnen ya yi tauri, ka tsaya.

In ya tsaya da sifirin a ɗaure, sai ka ji an ce wani ya yi masa yawa. Galibi ba haka ba ne. Man cikinsa ne ya bushe, ƙurar hunturu ta kama haƙoran, ƙarfin sifirin ya kasa wucewa. Wanki yake so wurin mai gyara, da ɗigon man agogo. Kada a kuskura a zuba masa man keke ko na gyaɗa, danƙo yake zama.

In yana gudu ko jinkiri, akwai ɗan hannu tsakanin alamar + da −. Matsa shi kamar kaurin farce, ka ba shi kwana ɗaya ka gani.

Aibinsa? Bai san dare da rana ba: ka saita ƙarfe 4 don sahur, zai buga da la'asar ma in ba ka danne ƙararrawar ba. Yakan kuma saɓa da minti biyar, ga kas-kas ɗinsa da ke hana mai raunin barci sakat.

Kafin ka biya, ba shi wani a shagon, ka kifa shi, ka kwantar da shi ta baya. In bugun ya ɗingisa ko ya ɗauke, ajiye musu. Ka kuma duba bayan da kyau, don akwai masu kamarsa sak waɗanda batir ne a ciki.