Rediyo ko waya: wacce za a ajiye wa dattijo a wurin sana'a?

'Ya'yan marina da dukawa da maƙera sun sha tambayata abin da ya fi dacewa su saya wa mahaifinsu don kada aiki ya raba shi da jama'a: ƙaramar rediyo ko waya mai WhatsApp.

Wajen kuɗi rediyo ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Batir biyu, shi ke nan, kuma takan yi shekaru. Waya sai data, sai caji, ga wuta ba ta zama.

Abin da na fi dubawa shi ne hannu. Je ka Ƙofar Mata a Kano ka ga marini, hannu cikin shuni har gwiwa. Da me zai shafa fuskar waya? Rediyo kuwa a rataye ta a ƙusa, ya ji sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, ya ji labaran BBC Hausa, maƙwabcinsa ya tsoma baki, hira ta ɓarke. Sai dai nasa sauraro ne kawai.

Waya ce ke kawo masa muryar jikarsa daga Damagaram, in ya wanke hannu ya mayar da amsa, ba sai ya iya karatu ba. Haɗarinta 'yan damfara, da faɗawa ruwa. Abin saƙalawa a kunne kam ba na so, gara ya ji sallamar mai shigowa.

Wanda ke tsakiyar abokan sana'a, rediyo ta ishe shi. Wanda ke aiki shi kaɗai a zaure, 'ya'ya sun yi nisa, a saya masa waya, jika ya koya masa saƙon murya.