Armuwar mai araha da na ƙara wa kantoci: bayan wata takwas

Jika 55, wato sefa dubu 55, na sayi armuwar ɗin nan a babbar kasuwar Maradi, irin mai ƙofa uku da madubi a tsakiya, wadda 'yan Najeriya ke ce wa wadirob. A ido ba ta da makusa. Sai da aka kawo ta gida a unguwar Zariya na fara jera kaya, sannan na gane wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin kayan Bahaushiya ba. Kashi biyu cikin uku na cikinta fili ne kawai da sandar rataye riguna. To ni me zan rataye? Atamfa da leshi da shadda ninke su ake yi. Kanta uku kacal aka yi mata, ban gama da zannuwan lefe ba suka cika, sauran suka koma akwati ƙarƙashin gado.

Sai na kira kafinta. Ya ƙwanƙwasa jikinta, ya ce, "Hajiya, wannan ai ba katako ba ne, garin katako ne aka matse da gam." Gaskiyarsa, shi ya sa ƙusa ba ta zama a ciki, kuma in ruwa ya taɓa ta sai ta kumbura. Dabarar da ya yi ita ce ta fi burge ni: bai dogara da bangon armuwar ɗin ba. Ya tsayar da siraran katakai a kusurwa huɗu daga ƙasa har sama, ya ɗora sabbin kantoci biyar na falanki mai kauri milimita 15 a kansu, nauyin duk ya sauka ƙasa. Na so a yi su dogaye daga bango zuwa bango, ya ƙi, ya ce turmin atamfa ashirin zai lanƙwasa tsakiya. Ya raba wurin biyu, kowace kanta santimita 55.

Sandar kuwa ba mu cire duka ba. An rage ta, ta isa manyan rigunan maigida huɗu da abayoyina. A bayan ƙofa ya kafa ƙugiyoyi na hijabi da gyale, sama kuma hulunansa.

Aikin da kayan aiki jika 18. Kwana huɗu ya ce mini, sai da muka yi mako uku ina aika yaro shagonsa, kullum "gobe in sha Allah".

Ta ga damina ta ga hunturu yanzu. Kantocin ko motsi ba su yi ba. Bulo huɗu da muka ɗora ta a kai saboda danshi da gara sun yi amfani, ga kafur a kowace kusurwa. Inda ta gaza shi ne bayanta, wani siririn allo ne kamar kwali, ƙurar hunturu ta riƙa shiga ta gefensa har farar shadda ta yi ja, sai da na liƙe da salatif. Ƙofar hagu ma ta fara saki, laifin ƙugiyoyin da na cika wa kaya ne.

Mai niyyar sayen irinta, ki ware kuɗin kafinta tun daga farko, kuma kafin ya yanka falanki ki ninke zane ɗaya ki ba shi ya auna da shi. Ni ban yi haka ba, kantar ƙasa ta fito da tsawon da babu abin da ke cika ta sai bargo.