Sos ɗin ɗanyen tumatir na wata baiwar Allah a Gesse, ga abin da na gani

Masu tambayata a inbos kan jan sos ɗin da anka ajiye kusa da samosa ranar walimar ƙanwata, to ku matso. Ba ni na yi ba hwa, oda munka ba wata mata da ke aikin abincin biki a cikin gidanta nan Gesse, Birnin Kebbi. Ta iya, kuma zan sake saye, amma akwai sharaɗi.

Abin ba miya ba ne, ko wuta bai gani ba. Ɗanyen tumatir ne da albasa da attarugu kaɗan, tafarnuwa, lemun tsami, gishiri, ɗan mai, sai ganye. Mutanen Meksiko ke yin irinsa su ci da soyayyen burodin masara, ita kuma ta maido shi bakinmu, maimakon ganyen koriyanda da ba kowa ke son warinsa ba sai ta sa ɗaɗɗoya da lawashi da na'a-na'a 'yar kaɗan. Ɗaɗɗoyar nan ce ta sace min zuciya wallahi, kina buɗe robar ƙamshi zai bugi hancinki tun ba ki kai loma ba.

Na je karɓa da wuri na iske ba ta gama ba, sai na zauna ina kallo, nan na gane dalilin da ya sa nata ya bambanta da wanda muke kwaɓawa a gida. Ba ta taɓa bilenda ba ko kaɗan. Na ce Anti ga inji ajiye kina wahal da hannunki, tac ce ƙanwata in an markaɗa ai ya zama ruwa, ya yi kumfa, kalar ma ta koma fari-fari, wa zai dangwali ruwa da samosa. Da wuƙa take yankawa ƙanana ƙanana, tumatir ɗin kuma dogon nan UTC mai tauri da tsoka take zaɓa ba mai ruwa ba, ta raba shi ta kwashe 'ya'yan ciki, ta barbaɗa gishiri ta juye a kwando ya tsane kamar minti 20, ki ga ruwan da ke fita ki sha mamaki, wannan ruwan shi ne da zai kwanta a ƙasan roba ya lalata komai. Albasa kuma 'yar Aliero ce (mu da albasa ai sai godiya, daga nan ake lodinta zuwa kudu), tana da ƙarfi sosai don haka sai ta jiƙa ta a ruwan sanyi tukuna yajin ya ragu, shi ya sa babu wadda ta tashi da warin baki a wurin taron. Ganyen sai a ƙarshe take yanka shi don in ya jima a yanke baƙi yake yi.

Wanki ma na sa ido, tunda abu ne da ba a dafawa kuma mun san yadda tumatir ke zuwa daga fadama cikin kwando. Ruwan gishiri ta fara, sannan ta ɗauraye da ruwan leda. Na ji daɗin wanga sosai.

A wurin ci, samosa da sifirin rol sun tafi da shi lafiya lau, amma gaskiya ba nan ya fi haskawa ba. Soyayyar doya da dankalin Hausa, sai gasasshen kifi, nan ne wurinsa, maza ma da sunka raina shi da farko wai kwaɗon tumatir ne babu ƙuli sai ga su suna aiko yara a ƙaro musu don su ci da tsire. Gwaggona dai ko kallonsa ba ta yi ba, tac ce ita ba ta cin miyar da ba ta ga tukunya ba, a miƙo mata yajinta. Da masa ma na gwada, bai yi min ba, tsamin masa da tsamin lemu sun yi karo.

Yanzu sharaɗin. Abin nan ba ya son zafi, kuma kun san garinmu a Maris da Afrilu, rana na wuce digiri 40. Robar da munka bari cikin kula da ƙanƙara ta kai har isha'i garau, wadda anka ajiye kan tebur tun azahar kuwa kafin la'asar ta saki ruwa, ganyen ya yi laushi, sai zubarwa munka yi don ba a wasa da ɗanyen abu a irin yanayin nan, awa ɗaya a waje ya isa. Nan ne na ga gazawarta, ba ta faɗa mana haka ba, kuma ba ta bayar da ƙanƙara, robobin ma murfinsu ba ya kamawa da kyau, ɗaya ta yi yoyo cikin keke napep. Na yi mata magana ta WhatsApp ta karɓa da fara'a tac ce za ta canza roba.

Kuɗi kam ba arha, in kin lissafa kayan ciki za ki ce ta tsawwala, amma ki tuna yanka da hannu na mutum hamsin ba wasa ba ne. Kuma ta faɗa min farashin na bin kasuwa, lokacin sanyi da tumatirin rani ya cika gari da sauƙi, in damina ta kama kwando ya yi tsada sai ta ƙara, wani lokacin ma ba ta karɓar odar sam in ba ta samu mai tauri ba.

In za ku yi oda ku ce ta rage attarugu saboda yara, ku tanadi kularku da ƙanƙara, ku karɓa dab da fara taro, kuma a riƙa ɗibowa kaɗan kaɗan a ƙananan kwanoni maimakon a juye duka kan tebur.