Hattara da masu "canjin kafet ɗin mota cikin awa ɗaya"

Jama'a don Allah a kula, akwai wasu da suka cika Facebook da WhatsApp da tallar canza kafet ɗin gaban mota, wai orijina ne an yanka shi daidai da motarka, ka tura rabin kuɗi su zo har gida su gama cikin awa ɗaya. Wallahi cuta ce zalla.

Duk wanda ya san aikin nan ya san sai an kwance kujerun gaba biyu, an cire robobin bakin ƙofa da akwatin tsakiya na wajen giya, kafin kafet ya fito lafiya. Su kuwa ba sa taɓa noti ko ɗaya, reza kawai suke sawa su yanke tsohon a kewayen ƙafar kujera, su shafa gam, su manna wani kafet na ɗaki a kan tsohon soson da ke ƙasa. To matsalar kenan, soson nan shi ke riƙe ruwa, in bututun ruwan AC ya toshe ko gilashin gaba na yoyo duk nan yake taruwa, su kuma sun rufe maka shi da sabon kafet, kana murna mota tayi kyau alhali ƙarfen ƙasa na cin tsatsa, wayoyin da suka bi ta wurin suna jiƙe, bayan sati biyu wari ya taso ka kira lambarsu a kashe.

Masu ɗan ƙoƙarin cire kujerar ma, sai su fizge soket ɗin nan mai ruwan ɗorawa na jakar iska (wadda ke kumbura ta kare ka in an yi haɗari) ba tare da sun cire kan batir ba, fitilar gargaɗi ta kama a dashbod su ce maka ba komai. Da komai mana, ranka ne fa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kafet ɗin da bai zauna ba a wajen totur da birki. A 2009 Toyota ta nemi a dawo mata da miliyoyin motoci a Amurka don gyara saboda shimfiɗar ƙafa tana danne totur, balle wanda aka manna da gam.

Kar ka tura ko sisi kafin ka ga kayan da idonka, na gaske yana zuwa da tudu da kwarin ƙasan motar da ramukan notin kujera. Ka tsaya a kansu, a ɗaga tsohon gaba ɗaya, ka taɓa soson da hannunka, in da danshi a nemo inda ruwan ke shigowa tukuna. In sun gama ka girgiza kujerar da ƙarfi, ka taka totur har ƙasa mota a kashe ka ga ko yana dawowa.